Soja, umarni da lamiri: amsoshin tambayoyin da mutane suke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawo a bakin jama'a tun da yaƙin Arewa maso Gabas ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wasu daga samari masu shirin tafiya Defo a Zariya, wasu daga matan bariki, wasu daga iyaye, wasu kuma daga su masu kakin da kansu, waɗanda ba za su iya yin tambayar a gaban oga ba. Ba fatawa ba ce, ba kuma takardar likita ba ce, bayani ne dai gwargwadon abin da aka sani.

Ai soja umarni kawai yake bi, ina ruwansa da tunanin daidai da ba daidai ba?

Wannan ita ce maganar da aka fi yi kuma rabinta gaskiya ne. Wata shida da kurtu yake yi a Defo ana koya masa ya ji magana ba tare da musu ba, don a tsakiyar ruwan harsashi babu lokacin zaman shawara, in kowa ya ce sai an gamsar da shi kafin ya motsa toh duk a nan za a kwashe su. Biyayya ita ce ke riƙe rayuwar rundunar.

Amma fa dokar soja ita kanta ba ta ce a bi kowane umarni ba, cewa ta yi a bi umarni halastacce. Bayan yaƙin duniya na biyu, a shari'ar Nuremberg da aka fara a 1945, manyan Jamus sun yi ta cewa su umarni aka ba su, kotu ta ce wannan ba ya wanke mutum. Yarjejeniyar Jeneba ta 1949 ta hana kashe wanda ya ajiye makami, da mai rauni, da wanda aka kama, ko da a yaƙin cikin gida ne. Najeriya ta shiga kotun duniya ta ICC a 2001, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta faɗa ƙarara cewa umarnin na gaba ba hujja ba ne na gana wa mutum azaba. Kai ko a yaƙin basasa, a 1967 gwamnatin Gowon ta raba wa sojoji ƙa'idar aiki da ta hana taɓa mata da yara da asibitoci. Ko an bi ko ba a bi ba wata magana ce, amma ƙa'idar tana nan tun lokacin.

To ta yaya ƙaramin soja zai gane umarnin da ya halatta da wanda bai halatta ba?

Ba a ce ka zama lauya ba ɗan'uwa. Mafi yawan umarni ba ka da hurumin tuhumarsa, an ce ka tsare gada ka tsare, an ce a shiga daji a shiga, ko da kana ganin dabarar ba ta yi ba. Abin da ake magana a kai shi ne wanda kowane mai hankali in ya ji zai san ɓarna ce: a ce ka harbe mutumin da aka riga aka ɗaure, ka cinna wa ƙauye wuta da mutane a ciki, ka taɓa mace, ka daki yaro har ya faɗi abin da bai sani ba. Irin wannan ba ya buƙatar karatu. In kana shakka, tsofaffin hannu suna da dabara, sai ka nemi oga ya maimaita umarnin a fili gaban mutane, ka ce ranka ya daɗe ban fahimta ba, so kake in harbe su? Sau da yawa mai ba da mugun umarni a dunƙule yake ba da shi, ya ce ku san yadda za ku yi da su, don gobe ya ce shi bai faɗa ba. In aka sa shi ya fito da maganar ƙarara sai ka ga ya janye.

Me addini ya ce kan wannan?

Nan kam akwai abin faɗa da yawa, kuma abin mamaki mutane sun san hadisan amma ba sa haɗa su da bariki.

Akwai rundunar da Manzon Allah (SAW) ya tura ya naɗa musu shugaba ya ce su yi masa biyayya. A hanya suka ɓata masa rai, ya sa suka tara itace suka hura wuta, ya ce ba an ce ku bi ni ba? toh ku shiga. Suka tsaya suna kallon juna, wasu suka ce mu da muka bi Annabi don gudun wuta. Da suka dawo suka ba da labari, Annabi ya ce da sun shiga da ba su fita ba, biyayya tana cikin abin da yake na alheri ne kawai.

Wanda ya fi kama da halin da ake ciki yau shi ne na Banu Jazima. Khalid bin Walid, gwarzon da babu kamarsa a fagen fama, ya kama mutane ya raba su ga mayaƙansa, daga baya ya ce kowa ya kashe wanda ke hannunsa. Abdullahi bin Umar ya ce wallahi ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai kashe nasa cikin mutanensa. Da labari ya iso Madina, Annabi ya ɗaga hannu ya ce ya Allah na barranta daga abin da Khalid ya yi, har sau biyu, sannan ya tura Sayyidina Ali ya je ya biya diyya. Duba abubuwa uku a labari ɗaya: na ƙasa ya ƙi mugun umarni ba a hukunta shi ba, shugaba ya fito fili ya ce an yi kuskure duk da girman kwamandan, sannan an biya waɗanda aka zalunta. Ni dai a ganina duk wata doka ta zamani da ake ta kawo mana bayan wannan take bi.

Ga kuma wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, kar a kashe mace ko yaro ko tsoho, kar a sare itace mai 'ya'ya, kar a rushe gini, kar a yanka dabba sai don ci. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna da ta Luka 3:14, inda sojoji suka tambayi Yahaya mai baftisma me za su yi, ya ce kar ku ƙwaci na kowa, kar ku yi wa kowa ƙazafi, ku gamsu da albashinku. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ya ga shingaye ya san wannan ayar ba ta tsufa ba.

Amma ai waɗanda suka ƙi umarni hukuncin kisa aka yanke musu a 2014?

Haka ne, sai dai a bambance abu biyu. Ƙin aikata zalunci daban, ƙin fita yaƙi ko tayar da bore daban, na biyun babban laifi ne a dokar soja ko'ina a duniya.

A watan Mayun 2014 aka kawo gawarwakin sojoji barikin Maimalari da ke Maiduguri bayan an yi musu kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok, abokansu suka fusata suka buɗe wa motar kwamandan runduna ta 7 wuta. A Satumba kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba kuma aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukuncin saboda sun ƙi fita ƙwato garuruwan da ke wajen Damboa, su kuma suka ce ba yaƙin suka ƙi ba, kayan aiki suka nema. Lauyansu Femi Falana ya yi ta fafutuka, daga baya a Disambar 2015 aka sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara 10. A daidai wannan lokacin ne kuma maganar badaƙalar kuɗin makamai ta dala biliyan 2.1 ta fito.

Toh ka ga inda maganar take da nauyi. Harbin motar janar ba abin da za a kare ba ne. Amma shi ma wanda ya tura yaro gaban masu bindigar kakkaɓo jirgi da harsashin da bai kai ya kawo ba, bayan an fitar da kuɗin, shi ma shawara ya yanke, kuma a ofis mai sanyi ya yanke ta ba a cikin rami ba. In ana maganar ɗa'a a aikin soja kullum kofur da saje ake kallo, alhali nauyin sama yake hawa, gwargwadon taurarin kafaɗarka gwargwadon abin da za a tambaye ka.

Me ya sa yaron kirki, mai sallah mai kunya, yake zuwa daji ya aikata abin da ko a mafarki ba zai yi a gida ba?

Saboda ƙwaƙwalwar da ta bar gida ba ita ce take aiki a can ba. In mutum ya tsorata jiki yana sakin sinadarai, zuciya ta hau bugu, ido ya kafe kan abu guda, ɓangaren da ke auna abu ya yi sanyi, ɓangaren gudu ko faɗa ya karɓi ragama. Na minti biyar wannan rahama ce. Na wata da watanni kuwa bala'i ne, don mutum yana kaiwa inda duk wanda ya motsa maƙiyi ne a idonsa, musamman a yaƙin da abokin gaba ba ya sa kaki, wanda ya sayar maka da rake da rana wataƙila shi ya binne nakiya da dare, wataƙila kuma ba shi ba ne, kai dai ba ka sani ba.

Sai rashin barci, wanda mutane suka raina. Wani bincike da aka yi a Ostareliya ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin ɗaukar matakinsa suna yin ƙasa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Yanzu ka ɗauki wanda ya kwana uku a rami, ga zafin Malam Fatori, ga yunwa, alawus bai shigo ba, matarsa ta kira yaro ba lafiya, fas ɗin da ya nema an hana, ka ba shi bindiga ka ce ya yanke hukuncin rai da mutuwa cikin daƙiƙa biyu. A watan Agustan 2018 sojoji sun yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri suna ƙin a kai su Marte, kukansu shi ne sun shekara da shekaru a bakin daga ba a canza su ba. Hadisi ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, alƙalin da yake zaune a inuwa kenan fa.

Na uku kuma wanda ya fi ƙarfi shi ne ramuwa. Ka ɗauki gawar wanda kuka ci kwano ɗaya da shi jiya, sai aka ce mutanen ƙauyen can ne suka ba da labarinku. Farmakin da sojoji suka kai garin Odi na jihar Bayelsa a 1999 bayan kashe 'yan sanda, da Zaki Biam na jihar Binuwai a 2001 bayan kashe sojoji 19, duk daga nan ya taso, aka yi kan mai uwa da wabi. A 2013 kotu ta ce gwamnati ta biya mutanen Odi diyyar naira biliyan 37.6. A irin wannan ranar kwamanda nagari aikinsa ɗaya ne, ya janye waɗanda jininsu ke tafasa ya tura wasu.

Sannan akwai bin na gaba da bin taro. A 1961 wani malami a jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram, ya sa talakawan gari suna danna wa wani mutum wutar lantarki, ta ƙarya ce amma su ba su sani ba, mai kula da gwajin yana cewa ku ci gaba. Cikin mutum 40, 26 sun danna har ƙarshe. Ba soja ko ɗaya a cikinsu, babu mai bindiga a kansu.

Duk wannan bayani ne na yadda abin ke faruwa, ba wankewa ba ce. Wanda aka kashe wa ɗa ba ruwansa da awa nawa ka yi ba barci.

Akwai wanda ya taɓa tsayawa ya ce a'a a tsakiyar abin?

Akwai. Ranar 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka shiga ƙauyen My Lai a Biyetnam suka kashe ɗaruruwan mutane, mata da yara da tsofaffi. Wani matuƙin helikwafta, Hugh Thompson, ya hango daga sama, ya sauke jirginsa tsakanin sojojin da mutanen da suka rage, ya ce wa yaransa in 'yan'uwanmu suka harbi mutanen nan ku harbe su, ya kwashe waɗanda ya iya ya kai rahoto. Me ya samu? Zagi da barazana, ana ce masa maci amana. Sai a 1998, bayan shekara 30, aka ba shi lambar yabo. Mutum ɗaya tak aka samu da laifi, Laftanar William Calley, shi ma ɗaurin talala ya yi a gida na 'yan shekaru.

Ga kuma Stanislav Petrov, hafsan sojan Tarayyar Sobiyat mai lura da na'urar gano harin makamai masu linzami. Daren 26 ga Satumba 1983 na'ura ta nuna masa Amurka ta harbo makamai masu linzami biyar, aikinsa ya sanar da na sama, shi kuma ya ce in da gaske hari ne ba biyar za su harbo ba, ya kai rahoton cewa na'ura ce ta yi kuskure, kuma haka ne. Kar dai wani ya ce maka tsayawa kan gaskiya tana zuwa da tafi. Yawanci shiru ko tsangwama take zuwa da shi.

Kuskure irin na Tudun Biri fa, laifin wa?

Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna, hukumar NEMA ta ce mutum 85 aka binne. Kafin nan a Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa wa sansanin 'yan gudun hijira bam a Rann, har ma'aikatan agaji suka mutu. A na Tudun Biri rundunar ta amsa, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin Janar Lagbaja ya je ya ba da haƙuri, daga baya hedikwatar tsaro ta ce za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja.

Irin wannan ba mutum ɗaya ke yin sa ba, sarƙa ce, akwai wanda ya kawo labari, da wanda ya kalli allo ya ga taro ya fassara shi, da wanda ya ba da izini, da wanda ya danna. Haɗarin shi ne kowa yana ganin na kusa da shi ya riga ya tabbatar. Kuma wanda ya riga ya sa a ransa 'yan bindiga zai gani, toh duk taron da ya gani da dare su ne. Tambayar da ya kamata a ce dole ne a yi kafin a danna ita ce, in ba su ba ne fa, su wa za su iya zama? Mai unguwa ɗaya da aka kira a waya zai iya amsa ta.

Mijina ya dawo daga Borno ya canza, ba ya barci, yana firgita, ƙaramin abu sai faɗa. Aljanu ne ko sammu?

'Yar'uwa abin da kika lissafa alamomin ciwon da likitoci ke kira PTSD ne, ciwon firgici bayan ganin tashin hankali. Mafarkin abin da ya faru, zabura in an buga ƙofa ko an fasa nokawut, ƙin shiga kasuwa, zama inda zai riƙa ganin ƙofa, fushi ba dalili, ko ya zauna cikinku amma kamar ba ya nan. In ya wuce wata guda yana haka a je asibiti. Ba rashin imani ba ne ba kuma ragwanta ba, kuma ba yau aka fara ba. A yaƙin duniya na farko Ingila ta harbe sojojinta 306 kan gudu da tsoro, da yawansu wannan ciwon ne, sai a 2006 aka yafe musu. Kakanninmu da suka je yaƙin ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu su ma wasu haka suka dawo, aka ce yaƙi ya taɓa su, aka bar su.

Addu'a da ruƙiyya ba a hana ba, a yi, amma a haɗa da likita. Kuma ki ji wannan da kyau: in ya fara dukanki, ko yana maganar gara ya mutu, ko yana kwana da makami kusa, wannan ya wuce haƙuri, ki sanar da manya da hukumar barikin a ranar. A Fabrairun 2020 wani kofur a Malam Fatori ya harbe abokan aikinsa huɗu ya kashe kansa. Irin wannan ba ya zuwa ba alama.

Nawa ɗan'uwan ba tsoro yake ji ba, cewa yake Allah ba zai yafe masa ba. Shi ma ciwon ne?

Kusa suke amma ba ɗaya ba ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Jonathan Shay, da ya daɗe yana duba tsofaffin sojojin Biyetnam, ya lura wasu ba firgici ne ke cin su ba, lamirinsu ne ya ji rauni, ko don abin da suka yi, ko abin da suka gani suka yi shiru, ko don shugaban da suka amince da shi ya ci amanarsu. Mai firgici yana ganin duniya ce ba aminci. Shi wannan kansa yake gani a matsayin mugu, sai ya daina zuwa masallaci, ya kasa ɗaukar 'yarsa saboda ta yi kama da wata da ya gani a can.

Usama bin Zaid ya shiga wannan halin. Ya rutsa wani a yaƙi, mutumin ya yi kalmar shahada, Usama ya soke shi don yana ganin tsoron takobi ne. Annabi ya yi ta maimaita masa, ka kashe shi bayan ya faɗi kalmar? ka tsaga zuciyarsa ne? har Usama ya ce ya yi fatan a ce sai a ranar ya musulunta. Lura, ba a ce masa ba komai ai yaƙi ne ba, ba a kuma kore shi ba, shi ne ma aka ba tutar runduna daga baya. Kuskuren da muke yi a gida shi ne saurin cewa manta kawai, kai jarumi ne. Shi ya san abin da ya yi, in ka ce ba komai sai ya gane ba za ka iya ɗaukar labarin ba, ya rufe baki. Abin da yake buƙata mai sauraro ne da ba zai zabura ba, da malami ko fasto mai hankali da zai nuna masa ƙofar tuba, da wani aiki na gyara, ko ɗaukar nauyin maraya ko faɗin gaskiya inda ya kamata. Ƙwaya kaɗai ba ta warkar da wannan.

In tambaye shi ko ya taɓa kashe mutum?

A'a. Yara a majalisa suna yi kamar wasa, mutum nawa ka kashe oga? Ba tambayar yi ba ce. In ya so zai faɗa da kansa, ranar da ya fara kuma ka ajiye wayarka.

Gaskiya ne sai da tiramol ake iya yaƙi?

Ba gaskiya ba ne, da yawa ba sa taɓawa. Amma ƙarya ne a ce babu, akwai masu sha don gajiya da tsoro, kamar yadda ɗan acaba da lebura suke sha. Matsalar ita ce tana kashe ɗan burkin da ya rage wa mutum, ta ƙara lalata barci, in ta yi yawa ta kawo farfaɗiya, yaƙin ya ƙare ita ba ta ƙare ba.

Sojoji suna mutuwa, gwamnati kuma tana yafe wa tubabbun Boko Haram. Wannan adalci ne?

Tambaya ce mai ciwo kuma ba zan ce tana da amsa mai daɗi ba. Shirin Safe Corridor na karɓar tubabbun an fara shi a 2016, sansaninsa yana Malam Sidi a Gombe, bayan mutuwar Shekau a 2021 kuma dubun dubata suka fito daga daji, mafi yawa mata da yara da manoman da aka tsare da ƙarfi. Ta fuskar yaƙi hujjar a fili take, in mayaƙi ya san miƙa wuya mutuwa ce toh zai yi faɗa har numfashin ƙarshe, kuma sojanmu ne zai biya. Amma matar sojan da take yawon ofis ofis kan haƙƙin mijinta, ko wanda yake zaune a sansanin gudun hijira, in ya ga an ba tubabbe keken ɗinki da jari, kar ka ce masa bai fahimta ba, ya fahimta sarai. Karɓar mai miƙa wuya wajibi ne, sojan da ya karɓe shi bai harbe shi ba ya yi aikin da ya fi harbi wuya. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne ta tace masu jini a hannu a kai su kotu, ta kuma fara da waɗanda aka zalunta wajen rabon tallafi.

Ni ba soja ba ne, me ya shafe ni?

Ya shafe ka, don abubuwan nan uku, gajiya da umarnin oga da bin taro, ba a bariki kaɗai suke ba. Nas ɗin da ta kwana tana aiki aka kawo mata mai harbin bindiga, wani ya ce sai an kawo takardar 'yan sanda, alhali dokar 2017 ta ce a fara ceton rai. Akawun da aka ce sa hannu kawai, daga sama ne. Malamin da aka ce ya juya baya a ɗakin jarrabawa. Ko taron da ya ji an yi ihun ɓarawo, kamar yadda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, kowa a wurin yana ganin ai wani ya riga ya tabbatar. Har a wayarka, hoton da aka turo maka da dare kana cikin fushi ka tura gaba ba ka bincika ba.

Abin da masu horar da sojoji suka gane shi ne a lokacin tsanani mutum ba ya ƙirƙiro hali sabo, wanda ya saba da shi yake faɗawa. Shi yasa ake so tun kana cikin natsuwa ka yanke wa kanka abu biyu ko uku da ba za ka yi ba ko wa ya ce, ka kuma samu mutum ɗaya a wurin aikin da kuka yi alkawarin in ɗaya ya fara zamewa ɗayan zai riƙe shi. A gwajin Milgram ma, da aka sa wasu biyu suka fara ƙi, yawancin mutane sun bi su sun ƙi.

Ina za a je neman taimako, kuma ba zai ɓata wa mutum aiki ba?

Wanda yake cikin aiki ya fara da likitan barikinsu, shi zai tura shi gaba, akwai asibitin sojoji na 44 a Kaduna. Kowane bariki kuma yana da limami da fasto na soja, sun san yanayin aikin fiye da malamin unguwa. Wanda ya yi ritaya ko iyalinsa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, da sashen masu tabin hankali a asibitocin koyarwa. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma hana nuna wa mai irin wannan ciwon wariya.

Tsoron a ce maka rago ko a dakatar da ƙarin girma yana nan, ba za a ce babu ba, shi yasa da yawa suke shiga ta ƙofar rashin barci ko ciwon kai, kuma ba laifi, a je a faɗi hakan, likitan da ya san aikinsa zai ja zaren. In shi ya ƙi zuwa, matar ko wansa su fara zuwa su kaɗai su yi bayani, a rubuta tun yaushe abin ya fara, awa nawa yake barci, me yake sha, da ko ya taɓa maganar cutar da kansa ko wani. A tafi da wani abokin aikinsa da yake jin maganarsa in akwai, don yawanci wanda suka kwana rami ɗaya da shi yake iya sa shi ya shiga mota.